Kwanon Direba

Wallahi tallahi na san ba za ku yarda da wannan ba. Ni kaina da aka ba ni labarin, sai da na sa mai bayarwa ya rantse sau uku. To ku gyara zama. Mai shan shayi ya ajiye kofi, kada ya ƙware ya ce ni ne.

Wani mutum ne a Azare ana ce masa Haladu mai wankin hula. Wankin hular na neman kuɗin cefane ne kawai, ainihin sana'arsa cika baki. Da zarar ya shanya hulunan mutane a rana ya zo ya zauna a teburin Nalado mai shayi, to kowa ya naɗe labarinsa ya sa a aljihu. In ka ce ka ga maciji mai kai biyu, shi ya taɓa kiwon mai kai uku. In ka ce ka yi zazzaɓi, shi nasa zazzaɓin sai da aka soya ƙwai a goshinsa.

Amma duk cikin kurarinsa akwai wanda ya fi ji da shi.

"Ni Haladu," in ji shi, yana dukan ƙirji bam-bam, "shekara goma sha ɗaya ina zuwa Lafiya saro wa maiɗakina manja. Ban taɓa zaro sisin kwabo na sayi abinci a hanya ba. Ko ruwan leda! Kuma duk dawowar da zan yi sai na sassauta mazagi."

Abin haushin, ba ƙarya zalla ba ce. Kun san halin mutanenmu a mota. In mutum ya buɗe ledar tsirensa, sai ya waiwaya ya ce wa na kusa, "Bismillah." Kowa ya san ta baki ce, amsarta kuwa, "Alhamdu lillahi, a ci lafiya." Shi Haladu kafin ka rufe baki ya naɗe hannun riga. Da haka ya yi suna a tasha. Mata suka koma cin abinci a cikin mayafi. Akwai wani ɗan kasuwa da tsautsayi ya zaunar kusa da shi, ya rungume gasasshiyar kaza tun daga Azare har Jos bai buɗe ba, sai da ta fara wari.

Ran nan yana cikin wannan kurari sai Cindo tela ya ajiye cokali. Cindo mutum ne marar yawan magana, kullum da zare a gefen baki, in ya dube ka kamar yana auna wuyan rigarka.

"Jibi ni ma Lafiya za ni, gaida yayana," in ji Cindo. "Mu tafi tare in gani da idona. Amma a cire bismillar mutane, wannan bara ce. In ka ci ka ƙoshi a hanya ba ka biya ba, ba ka taɓa abincin fasinja ba, ni zan ɗinka maka babbar riga, shadda tawa, aiki nawa."

"In kuma na saya fa?" Haladu ya tambaya yana murmushi, kamar wanda aka ce masa in rana ta fito daga yamma.

"Ko ƙuli-ƙuli ɗaya ka saya, Janar ya zama nawa."

Kowa ya juyo ya dubi Haladu. Janar rago ne. Ba rago irin na kowa ba: shekara biyu Haladu yana kiwonsa, dusa da safe, harawa da yamma, wanka da sabulu duk Juma'a. 'Ya'yan Haladu ma in sun yi tari sai a ce su sha ruwan zafi, amma in Janar ya yi atishawa sai an kira malamin dabbobi.

"Kai, wannan ai caca ce," in ji Nalado mai shayi.

"Caca ita ce wadda ba a san ƙarshenta ba," in ji Haladu. "Ni na san ƙarshen wannan. Cindo, shaddar ruwan toka nake so. Sharaɗina ɗaya: duk abin da ka gani a hanya, ka ja bakinka ka ɗinke."

Aka tafa. Aka kai Janar gidan Nalado aka ɗaure, shi ne alƙali.

Ranar tafiya suka shiga bas da sassafe. Haladu bai ɗauko komai ba sai 'yar jaka a hammata. Da aka wuce Bauchi direba ya tsaya a wani zango inda masu abinci suka jera rumfuna, ga motoci huɗu sun tsaya a lokaci guda, fasinja na ta tururuwa. Haladu ya bari kowa ya sauka, ya zagaya bayan wata tirela.

Wanda ya fito daga bayan tirelar nan, wallahi ko uwar da ta haife shi sai ta tambayi sunansa. Tawul a wuya. Baƙin gilashi a ido, hannun gilashin ɗaya ɗaure da zare. Ya shafo baƙin mai ya goga a gaban riga. A yatsa kuwa ga tarin mukullai yana juyawa, caras-caras. Har tafiyar ta canza: ƙafa a ware, hannu a ƙugu, kamar wanda kujera ta cinye wa baya.

Ga inda dabarar take. Duk mai abincin bakin hanya ta san ba fasinja ne ke kawo kansa ba, direba ne ke juye mata shi a ƙofa. Don haka direba ba ya biya. Kwanonsa daban, namansa zaɓaɓɓe, har da abin sha mai sanyi, don gobe ma ya taka birki a nan. In kuwa motoci sun yi yawa, ina mai abinci ta ga lokacin tantance wane ne ya tuƙo wace?

Haladu ya shiga rumfar da ta fi cika, ya saki jiki a benci, ya yi wani dogon nishi.

"Wash! Hajiya, kin ga dai na cika miki rumfa. Ramukan hanyar nan sun gama min da taya."

"Sannu direba, sannu da hanya! A kawo wa direba ruwa!"

Shinkafa da wake, nama huɗu, da lemo mai raɓa a jiki. Cindo yana gefe da shayinsa da rabin burodi, yana kallo, zaren bakinsa ya daina motsi. Da aka koma mota Haladu ya cusa kayan aikinsa a jaka, ya jingina, ya saki gyatsa ta ɓangaren Cindo.

"Mutumina, aikin wuyan nan a yi shi da zare mai ƙyalli."

"Ba a kai Lafiya ba tukuna," in ji Cindo.

Aka wuce Jos. Aka gangaro Hawan Kibo, kowa na salati. Bayan azahar direbansu ya sake tsayawa a wani zango da ke jikin gangare, ya ce a yi salla a ci abinci, shi kuma ya tsallaka titi wurin da ya saba ci.

A can ƙasan gangaren akwai wata babbar rumfa, ta Hajiya Ladingo. Tukwane shida a jere kan murhu, kowace yaro zai iya wanka a ciki. Ita kanta Ladingo mace ce cikakkiya, in ta tsaya a ƙofa sai rumfa ta yi duhu, ga ludayi a hannu tsawon tabarya. Bencinanta cike da fasinjojin wata tsohuwar bas shuɗiya da aka ajiye can sama, an tokare tayarta da dutse.

Gaskiyar magana Haladu ba ya jin yunwa. Waken safe ma bai gama zama ba. Amma iska ta kaɗo, ta kawo masa ƙamshin farfesun kan rago.

"Ka riga ka ƙoshi," in ji Cindo. "Ka haƙura mana."

"Tsoro ya kama ka ke nan? Tsaya ka ga aiki."

Tawul, gilashi, mukullai. Caras-caras. Ya faɗa rumfar Ladingo da nishinsa.

"Wash! Hajiya, kin ga dai na cika miki rumfa."

Ladingo ta dube shi tun daga hula har silifa. "Kai ne na wace?"

Ba a taɓa yi masa wannan tambayar ba. Amma Haladu ne. Ko waiwayawa bai yi ba, ya ɗaga babban yatsa ta kan kafaɗa.

"Shuɗiyar?"

"Ita fa."

Wata mata daga cikin fasinjojin shuɗiyar ta ɗago kai daga kwano. "Anya? Direbanmu kamar wani tsoho ne siriri."

"Yunwa ce, Hajiya," in ji Haladu. "Ƙamshin nan kawai da na shaƙa, kin ga har na fara murmurewa."

"Mu dai ƙeyarsa kawai muka sani," in ji wani daga ƙarshen benci. "Tun safe ita muke kallo."

Aka yi dariya, magana ta wuce. Ladingo ta zubo masa tuwon shinkafa malmala uku, miyar taushe, farfesun kan rago a kwano daban, da zoɓo mai ƙanƙara. Haladu ya wanke hannu har gwiwa. Loma ɗaya, biyu, sai bakin ya buɗe. Da ma in ciki ya samu, harshensa ba ya zama.

"Wannan Hawan Kibo da kuke ta salati, ni da hannu ɗaya nake sauko shi, ɗayan ina ɓare gyaɗa. Hajiya, ƙaro harshe. Akwai shekarar da giyar gaba ta ƙi shiga, na tuƙa mota da baya tun daga Gombe har Dukku. Fasinja ba wanda ya lura. Wata tsohuwa ce kawai ta ce yau itatuwa gaba suke gudu."

"Ikon Allah!" in ji Ladingo. "Shekararka nawa a tuƙi?"

"Ni ai a kan sitiyari aka yanke min cibi. Ƙaro romo."

Yana cikin tsotsar ƙashi sai aka ji POOOM! POOOM! Har zoɓon ya yi rawa a kofi. Wata babbar motar shanu ce ke son fita, shuɗiyar bas ta tare mata hanya. Direban motar shanun ya leƙo ta taga, wani ƙato mai wuya kamar turmi.

"Ina mai shuɗiyar bas ɗin nan? Saniya ta faɗi min a mota, zafi zai kashe ta! A matsar min da wannan akwala!"

Ladingo ta nuna da ludayi. "Ga shi nan yana cin kai."

Ƙashin ya tsaya wa Haladu a baki. Rumfa gaba ɗaya ta juyo tana kallonsa.

"Hannuna da miya," ya ce.

Kafin ya rufe baki an kawo buta da sabulu.

"Injin bai huce ba. In aka tashe ta da zafi, fashewa take yi."

"Awa guda tana nan ajiye!" in ji ƙaton.

"Ai irin tata a hankali take hucewa. 'Yar ƙasar sanyi ce."

POOOM!

Cindo ya matso, ya sunkuyo daidai kunnensa, murya ƙasa-ƙasa. "Abu mai sauƙi. Ka ce ba kai ba ne, ka biya kuɗin kwanonka, mu tafi. Janar ba zai sha wahala a hannuna ba. Har Sallah."

Haladu ya ji kamar an soka masa allura. Ya hango Janar a gidan tela, ba wanka, ba harawa, ana ba shi ƙyallaye. Ya hango majalisar Nalado ana tafawa. Ya miƙe tsaye, ya gyara tawul.

"Ku ba ni hanya."

Ya hau gangaren nan yana juya mukullai. Wani ɗan kamasho mai jar hula ya biyo shi da gudu, ya kwance igiyar da aka ɗaure ƙofar direba da ita, ya buɗe masa har da rusunawa. Haladu ya hau. Tunda yake bai taɓa zama a wannan kujera ba. Ko keke sai an riƙe masa. Ya dubi sitiyari, sitiyari ya dube shi.

Ya ɗauki mukulli ɗaya ya zura. Na kwaɗon shagonsa ne. Ya gwada wani. Na akwatin matarsa.

"Oga, kada ka wahalar da kanka," in ji ɗan kamasho. "Tun da na ga an ajiye ta a gangare na san batir ne ya mutu. Ba sai ka tayar ba. Mu cire dutse, ka sake ta ta gangara kaɗan, ka taka birki. Shi ke nan."

"Da ma abin da zan ce ke nan," in ji Haladu.

Aka cire dutse. Haladu ya runtse ido.

Shiru. Mota ba ta motsa ba.

Ya buɗe ido ɗaya. Wani sanyi ya ratsa shi, har ya samu bakin magana. Ya leƙo ta taga. "Kun gani? Ta ƙi. Haka take in ta yi fushi, sai an ba ta kamar kwana biyu."

Sai kuma wata dabara ta zo masa: bari dai in danne birki, kada ta canza shawara. Ya leƙa ƙasa, ya ga abin takawa har uku. Wanne ne birkin? Ya tuna duk tafiye-tafiyensa, in direba zai tsaya, yana ganin ƙafar hagu na aiki. Ya ce lallai na hagun ne. Ya taka shi har ƙasa.

Jama'a, kuloci ne. Mai motar a giya ya bar ta, giyar ce ke riƙe da ita. Haladu da ƙafarsa ya kwance ta.

Motar ta yi wani ƙiiii, kamar tsohuwa za ta tashi daga tabarma. Ta fara tafiya.

Da farko a hankali, tafiyar amarya. Ɗan kamasho na biye da ita a gefe yana kaɗa hannu. "Yauwa Oga! Zo, zo, zo. Ya isa. Tsaya nan."

Haladu ya ƙara danna abin da yake takawa.

"Oga, ya isa!"

Ya ɗora ƙafa ta biyu a kai.

"Oga! Na ce YA ISA!"

Ya miƙe tsaye a kan abin nan da ƙafa biyu, ya riƙe sitiyari, yana dannawa da duk tuwon da ya ci. Mota kuwa sai ƙara jin daɗi take. Amarya ta koma sassarfa. Ɗan kamasho ya koma gudu. Haladu ya jawo wani maɓalli, ya fito a hannunsa. Ya jawo wani, akwatin gaba ya buɗe, goro da tsofaffin takardu suka zubo masa a cinya. Kuma saboda rumfar Ladingo yake kallo da ido waje, sai hannunsa ya bi idonsa, sitiyari ya bi hannunsa.

Ashe akwai wani tsoho da ya yi barci a kujerar baya, bai sauka ba. Girgiza ta tashe shi. Ya ga mota na tafiya babu kowa, ya buga jikinta da sanda.

"Direba! Akwai sauka!"

"Baba, ni ma saukar nake nema!"

A ƙasa kuwa rumfa ta watse. Kowa ya suri kwanonsa. Akwai wanda ke gudu yana kai loma. Wata ta ɗauki takalmi ta bar jaka, ta dawo ta ɗauki jaka ta bar takalmi. Ladingo kaɗai ta tsaya a gaban tukwanenta, ta ɗaga ludayi sama kamar mai ba da hannu a titi.

"Kai! Tsaya! Na ce ka tsaya!"

Da ta ga motar ba ta san ta ba, sai ga Hajiya Ladingo, duk girman nan, ta yi tsalle ɗaya ta dira bayan buhunan gawayi.

Kwaram! Tukunyar tuwo. Ƙwal! Miyar taushe. Ɓam! Miyar kuka. Fatsal! Farfesu ya tashi sama kamar an yi ruwansa. Malmalolin tuwo suka kama gangare suna mirginawa, kaji na bin su, karnuka na bin kaji. Haladu ya ga lahira kusa, ya ce bari in fita ta taga. Ya ɗauke ƙafafunsa biyu ya haye kujera.

Gif! Mota ta yi tsalle ɗaya ta tsaya cak.

Da ya ɗauke ƙafar tun a sama, da ko kaza ba ta firgita ba.

Miya na ɗiga daga rufin rumfa, ɗis, ɗis. Hancin motar na shafar tukunya ta biyar. Biyu suka tsira, shinkafa da miyar dage-dage. A kan gilashin gaba kuwa wani kan rago ya sauka daidai fuskar Haladu, haƙora waje, yana kallonsa. Aka duba, ba wanda ya ji ko ƙwarzane. Tsohon baya ya sauko da sandarsa, ya dubi wurin, ya ce, "Lafiya ta canza."

Sai ga wani dattijo siriri mai farin gemu ya ɓullo daga wurin mai faci, yana garo taya. Ya dubi inda ya bar mota, babu. Ya dubi ƙasa. Ya saki tayar ta faɗi.

"Wa ya kawo min mota nan?"

Ladingo ta fito daga bayan gawayi, rabin fuskarta baƙi. "Kai kuma wane ne?"

"Korau. Direbanta."

"To wancan fa?"

"Shi nake son in tambaye ki."

Mutumin nan na ƙarshen benci ya matso, kwano a hannu. "Baba, don Allah ɗan juya." Dattijo ya juya. "Wallahi ita ce! Wannan ce ƙeyar da muka biyo tun safe!"

Aka sauko da Haladu. Ba da hannu ya sauko ba, ƙaton direban motar shanu ne ya ɗago shi ta wuyan riga ya dire. Gilashin ya karkace, tawul ya sha miya.

"Ni fa taimako na yi," in ji Haladu. "Gwada masa birki nake. Baba, birkinka ba shi da kyau."

Baba Korau ya karɓi mukullan ya duba ɗaya bayan ɗaya. "Wannan na kwaɗo ne. Wannan na akwatin mata. Wannan kuma ban san ko na mene ne ba."

"Tsinta na yi," in ji Haladu a hankali.

"Ɗan nan, nuna min birki."

Haladu ya nuna na hagu. Direbobin da suka taru suka kwashe da dariya, har wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki.

Ladingo ba ta yi dariya ba. Ta goge fuska da gefen zani, ta tako har gabansa, ta ɗora masa ludayi a kafaɗa. Ta faɗi kuɗin tukwane shida da abin da ke ciki. Haladu ya ji adadin, ya ji daidai yake da kuɗin manjan da ke jikinsa, kamar ta leƙa. Ya dubi titi. Ƙaton yana tsaye ta nan. Ya dubi daji. Ɗan kamasho na tsaye ta can.

Sai ya dubi Cindo, ya ga yana murmushi, abin da ba a taɓa gani ba. Nan take wata 'yar dabara ta ƙarshe ta motsa.

"To, zan biya. Amma jama'a ku shaida, ɓarna na biya. Diyya ce. Ba abinci na saya ba."

"Diyya?" in ji Ladingo. "Ka ga na yi maka kama da kotu? Ni abinci nake sayarwa, shekara ashirin. Kai kuma ka saya. Na ƙasa naka ne, na tukunya naka ne, na kan rufi naka ne, har wanda ke cikinka. Ciniki ya faɗa."

Cindo ya riga ya zaro waya ya kira Nalado mai shayi, ya buɗe murya kowa na ji. "Hajiya, don Allah maimaita, alƙali na kan layi."

Ta maimaita, har da ƙari. Daga cikin wayar aka ji majalisar Azare ta ɓarke da ihu, ana buga tebur. Nalado ya ce, "Tukunya shida? Mu da muka ce ƙuli-ƙuli ɗaya!" Can bayan hayaniyar kuma sai ga wata murya da Haladu ya sani ko cikin barci: "Mbeee!"

"A kai shi gidana," in ji Cindo. "A ɗaure kusa da keken ɗinki."

Haladu ya juya wa mata baya, ya kwance mazagi, ya zaro ƙullin kuɗin manja daga inda ya ɓoye. Yana miƙawa hannun na dawowa, sai da Ladingo ta fizge. Ta cusa a lalita, ta danƙa masa ludayin.

"Ga tukwanenka biyu can. Allah ya ba da kasuwa."

Haladu ya tsaya da ludayi a hannu, ya dubi shinkafar, ya dubi jama'ar da abincinsu ya zube a wurin gudu. Sai idonsa ya ɗan yi haske. Ai ko kuɗin mota a mayar. Ya gyara murya.

"Shinkafa da miya! Mai zafi! A zo a saya!"

Na farkon da ya miƙo kwano Baba Korau ne. A bayansa ƙaton direban motar shanu. A bayansa direban da ya ɗauko su daga Azare. A bayansa wasu shida, kowa da tawul a wuya, kowa da kwano kamar daro.

"Cika min," in ji Baba Korau. "Nama huɗu. Ka zaɓo masu taushi, haƙorana sun yi saura."

Haladu ya cika, ya miƙa, ya buɗe tafin hannu. "Kuɗin fa, Baba?"

Dattijo ya dubi hannun, ya dubi Haladu.

"Kuɗin me? Ai direba ba ya biya, mai abinci. Kuma ka yi sauri, na bayana sun fi ni ci."